Rabon Baba a Gindin Shingena

Jiya na dawo aiki a gajiye, sai na tarar furanni ruwan ɗorawa sun buɗe a gindin shingena a garin Wheaton, nan ƙasar Turawa. Na daɗe tsaye.

Irin shukar Baba ne, wani dattijo ɗan garinmu da ya zauna gidan ɗansa a garin Upper Marlboro, shi ma a nan ƙasar. Bai taɓa sayen iri ba, musaya yake yi da maƙwabta. Wata rana ana sanyi mai yanka kunne ya miƙo mini wasu abubuwa kamar albasa, hannunsa duk ɗanyar ƙasa.

Na ce, "Baba, wa yake shuka da sanyi?"

Ya ce, "Kai dai binne, sarkin gardama. Sai sun sha ƙanƙara suke fure. Ka gaya wa iyalinka ba na miya ba ne. In sun hayayyafa, ka tono ka kawo mini rabona."

Sun hayayyafa har sun matse juna, shi kuma ya rasu. An sayar da gidan, an zuba wa lambunsa siminti. Nawa kaɗai suka rage.

Rabonsa zan bi maƙwabta da shi gida-gida. Allah ya kai ladan kabarinsa, ya sanyaya masa makwanci.