Ganyen da Kaka Ta Ɗanɗana

A Jarwal, wata unguwa a Makka, aka haife ni, a wani ɗaki da Baba ya haɗa da gwangwanayen kananzir da ganyen dabino. Baba ɗan garuwa ne, Umma kuma wanki take yi wa alhazai. Mahaifiyar Baba, Hajiya Mairo, tana zaune tare da mu. Sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta taɓa kirana da komai ba sai takwara. Da ƙafa ta zo Makka daga wani ƙauye a ƙasar Katsina, ta bi ta Chadi da Sudan, ta binne miji a hanya. Larabcinta bai wuce na gaisuwa da na salla ba.

Mu yaran unguwa ba mu san itatuwan ƙasar Hausa ba. Duwatsu muka sani, baƙaƙe, masu riƙe zafi har bayan rana ta faɗi. Wannan abu yana damun Kaka. Idan an yi magariba an hura wutar shayi a tsakar gida, sai ta jawo faifanta. A kansa take zuba abin da ta roƙa a wurin sababbin alhazai: ƙwallon kuka, ɓawon tsamiya, bagaruwa, kalwa, busasshen ganyen tafasa. Sai ta ce mu rufe ido, ta ɗora wa kowa ɗaya a tafin hannu.

"Shafa shi tukuna," in ji ta. "Sannan ki sansana. Baki shi ne na ƙarshe, takwara, don baki ba ya mayar da abin da ya karɓa."

Wanda ya faɗi suna daidai, sai ta gaya masa yadda uwar bishiyar take, tsayinta, inuwarta, tsuntsun da ke kwana a kanta. Na daɗe ina tsammani kuka dutse ce mai ganye, don ta ce mutum goma ba sa iya rungumarta.

Sai shekarun yaƙin Turawa suka zo. Jirage suka rage zuwa Jidda, alhazai suka yi ƙaranci, wankin Umma ya tsaya, faifan Kaka ya daina samun baƙo. Busasshiyar gurasa da shayi muka koma ci, wani lokaci da ɗan dabino. Ganye kuwa sai dai mu gan shi a kwandon masu hali. Ƙanena Habu, wanda bai daɗe da fara gudu ba, ya koma rarrafe. Dasashinsa ya kumbura, in ya ciji gurasa sai ka ga jini a kanta. Kaka ta buɗe bakinsa ta duba, ta ce ta ga irin wannan a hanyar Sudan, kuma ɗanyen ganye ne maganinsa.

A wannan hunturun ne ta fara ba mu wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba. Takan ce, "Ga wata ta taso daga nesa, ku matsa mata." Mu kuma mu ce, "Ta zauna mu ji ta."

Wai an yi wani gari da ruwa ya ƙi sauka, har mutane suka cinye irin shuka. Daji yana kewaye da su, kore shar a bakin fadama, amma a lokacin ɗan Adam bai san ganyen ci ba, hatsi kaɗai ya sani. Sai wata mace ta ɗaura zanenta ta shiga dajin. Ta tambayi akuya, akuya ta ce, "Kada ki bi ni, cikina ba irin naki ba ne." Ta tambayi ganyayen da kansu, kowanne ya kaɗa ya ce, "Ni abinci ne." Mai daɗi ya faɗi haka, mai kisa ma ya faɗi haka, da murya iri ɗaya.

Da ta ga babu mai gaya mata gaskiya, sai ta mai da jikinta ma'auni. Ta murza ganye a hannu ta jira. In bai yi ƙaiƙayi ba ta taɓa shi a leɓe ta jira. Daga nan harshe, daga nan ta haɗiye ɗan mitsitsi ta kwana. Wanda ya zauna lafiya ta ƙulle shi a gefen zane na dama. Wanda ya murɗa mata ciki ta ƙulle shi a hagu. Haka ta yi ta tafiya, gashinta ya zube, muryarta ta tafi. Ranar da ta juyo gida, a ƙofar gari ta faɗi, ba ta ƙara tashi ba.

Mutane suka kwance zanen, ga ƙulli biyu, ba su san na ci ba. Suna ta gardama sai wata tsohuwa ta ce su dubi ƙullin da kyau. Ɗaya ya yi laushi ya yi maiƙo, don kullum tana kwance shi ta ci. Ɗayan kuwa an ɗaure shi tamau, ba a taɓa komawa kansa ba. Mai laushin suka dafa, gari ya rayu.

"Nan ta sauke kayanta," Kaka kan ce, "wanda bai ƙoshi ba ya nemi ƙari a mafarki."

Na tambaye ta sunan matar. Ta ce, "Wa ya tsaya tambaya? Yunwa suke ji."

Ba na son tatsuniyar nan. Sauran tatsuniyoyinta akan yi dariya, wannan kuwa in ta ƙare sai kowa ya zuba wa garwashi ido. Umma takan tashi ta shiga ɗaki tun kafin a kai ƙofar gari.

Ana nan sai aka yi ruwa mai ƙarfi, kwari ya cika ya kwarara ta cikin gari. Bayan 'yan kwanaki duwatsun suka yi wani tsanwa-tsanwa kamar an yayyafa musu. Yara suka ruga za su tsinka, Kaka ta tsawatar. Tsiron Harami ba a cire shi, ko kana jin yunwa. Don haka da sassafe ta riƙe hannuna muka kama hanyar Tan'im, muna tafiya tana hutawa, har muka wuce alamar iyaka. Can ta durƙusa.

Ban taɓa ganin ta haka ba. Kamar wadda ta shiga kasuwa ta tarar da 'yan garinsu. "Ga tumfafiya, kin ga ta biyo mu har nan. Kada ki taɓa nononta. Ga filasko, mai wanke ciki. Ga harshen saniya, wannan shi muka zo nema." Harshen saniyar dai kaɗan ne, bai cika tafi biyu ba. Sauran tsirrai da suka rufe ƙasa baƙi ne gare ta. Muka haɗu da wata Balarabiya mai kiwo, Kaka ta nuna mata ganye ta nuna baki, ni ina fassara da ɗan Larabcina. Matar ta gyaɗa kai a kan wani, ta girgiza a kan wani, a kan sauran kuma ta ce awakinta dai suna ci.

Da yamma na ga Kaka tana murza ganye a cikin hannunta. Washegari na ga ta taɓa shi a leɓe. Baba ma ya gani.

"Inna, don Allah ki bari," ya ce. "Halas, ya isa haka, zan nemo a kasuwa."

"Da me za ka nemo?"

Kaka ba ta jira amsarsa ba.

"To, wa kake so ya ɗanɗana? Habu?"

Baba ya miƙe. Ya ɗauki gwangwanayensa ya fita.

Iri biyu suka zauna mata lafiya, ɗaya mai ɗan tsami, ɗaya mai yauƙi. Umma ta riƙa daka su tana ɗura wa Habu yana kuka. Kafin wata ya ƙare jinin ya tsaya, ya dafa bango ya miƙe. Maƙwabta suka fara zuwa Kaka tana nuna musu, wasu mata suka riƙa bin mu zuwa bayan iyaka.

Akwai wani ganye mai kauri da ya fi kowanne yawa a wurin. Kaka ta ce in ganyen ci ne, za a iya shanya shi a ajiye, don ba kowace shekara ake samun ruwa irin wannan ba. Hannu bai nuna komai ba, leɓe bai nuna ba, harshe bai nuna ba. Ta haɗiye. Da asuba na ji tana amai a bayan ɗaki. Ƙafafunta suka kumbura, ta daina iya riƙe ko ruwa. Baba ya goya ta zuwa wurin likita, aka ce tsufa ne da ciwon ciki. Da aka dawo da ita ta sa na kawo mata ragowar ganyen, ta kira matan unguwa ta nuna musu ɗaya bayan ɗaya.

"Ku dube shi da kyau. Wannan ba namu ba ne."

Kafin koren duwatsun ya bushe aka kai ta makwancinta. Baba ya ce ajali ne, kuma na yarda ajali ne. Amma har ya rasu bai yarda an ambaci tatsuniyar nan a gabansa ba.

Na girma ina juya abin a raina. Da farko na ɗauka ta ba mu labarin ne don mu koyi taka-tsantsan. Daga baya na fara zargin cewa ba mu take koya wa ba, kanta take lallashi, tana maimaita hanyar a gaban wuta kafin ta taka ta. Wani lokaci kuma haushinta nake ji. Habu ya riga ya miƙe. Me ya kai ta ga na ukun?

Da na tsufa, jikata ta ja ni wani gidan tarihi a Jidda inda aka ware ɗaki don yara. An jera busassun ganyaye da iri a kan tebur, yara suna taɓawa suna sansanawa, wata malama tana nuna musu yadda ake danne fure a takarda. A bango ga hotunan matafiya na da, waɗanda suka ratsa Hijaz suna tara tsirrai, kowa da sunansa a ƙasa. Na ji daɗin ganin yaran, kuma matafiyan nan ma sun sha wuya. Na bi teburin daga farko har ƙarshe ina neman mai kaurin nan, ko zan san sunansa kafin in mutu. Ban gan shi ba. A nan na tsaya ina tunanin cewa duk ganyen da ke wurin, na ci da na kisa, sai da ya ratsa cikin wani kafin a san shi, kuma yawancin waɗanda suka ɗanɗana babu bangon da zai ɗauki sunansu.

Daga can na wuce unguwar Hindawiyya wurin Habu. Ya yi furfura, jikoki sun cika masa gida, kuma ba ya tuna komai na wannan hunturu. Na tarar yana cin abincin rana, yana tsince ganye daga cikin miya yana tarawa a bakin kwano. Tun yana saurayi ba ya son ganye.

"Yaya, lafiya kike kallona haka?" ya ce.

Na ce, "Lafiya lau. Ci abincinka."