Tafin Hannun Mukarrama

Mukarrama mai awara ba ta mantuwa. Maƙwabciyata ce a wani ƙauye kusa da Likoro, na kuma san abin da ke cin ranta tun muna yara.

Ta shiga firamare da ɗokinta, ta faɗa hannun Malam Sada. Shi kuwa da damina ta sauka, karatu ya tafi hutu. Sai ya kora 'yan aji gonarsa, a yi noma, a zuba taki, a yanka ciyawa. A can lauje ya tsarge mata tafin hannu, tabon na nan har yau. Ta gama makaranta ko sunanta ba ta iya rubutawa, in saƙo ya shigo wayarta sai ta nemi mai karanta mata. A bakin makarantar take tuya, in Malam Sada ya gifta ta ce ƙasa-ƙasa, "Allah ya isa."

Sai ga 'yarta Samira a ajinsa, tana dawowa gida tafin hannu duk bororo.

Bara ofishin ilimi suka zo da sabon tsari: a fitar da malami waje, a tambayi yara yadda yake koyarwa. Malam Sada ko a jikinsa. Ya san yaranmu, wa zai buɗe baki ya kai ƙarar babba? Zuwan farko kuwa duk suka sunkuyar da kai, "Yana ƙoƙari."

Mukarrama ta cije leɓe. Ana gobe za a dawo, ta tara yaran gaban kaskonta.

"Ban ce ku zagi babba ba. Kada wanda ya ce uffan. In an tambaye ku me Malam ya koya muku, ku buɗe hannu kawai."

Da matar da ofishin ilimi suka turo ta yi tambayar, Samira ta miƙa tafinta. Na kusa da ita ya miƙa, har aji duka. Matar ta bi su layi-layi tana dubawa, ba ta ƙara tambayar komai ba.

An cire shi daga aji. Yanzu Samira ke karanta wa uwarta saƙo. Gonarsa ciyawa ta cinye ta, wallahi ban tausaya masa ba.

Ran nan ya tsaya gaban kaskonta. "Mukarrama, 'yar nan, me na yi miki?"

Ta russuna da ladabi. "Ina wuni, Malam? Ya gona?"

Sannan ta ajiye matsami, ta buɗe masa tafin hannunta.