Baba Tartsatsi da Motar Auta

A gareji Baba Tartsatsi suke kiran mijina, saboda tun yana saurayi ba ya yarda da waya sai ya goga ta a jikin ƙarfe ya ga ta yi tartsatsi. Wutar mota yake gyarawa. Shagonsa ɗan lungu ne da bai fi ɗakin girkina ba, cike da matattun batura da wayoyi a cukurkuɗe, kuma duk wanda ya ce zai share masa ya nemi rigima. Babu rigarsa ko ɗaya da ruwan batir bai huda ba. Na gaji da faci, na bar shi yana yawo kamar rariya.

Mutumin kirki ne, amma akwai taurin kai. Idan jar fitilar batir ta kama a gaban direba, gwajinsa ɗaya ne: ya ta da mota, ya ɗauki sifana, ya zare kan batir inji na aiki. In motar ta mutu, altaneta ce, mai ba batir wuta, ba ta caji. In ta ci gaba, a nemi ciwon a wani wuri. Da wannan gwajin ya ciyar da mu, ya aurar da 'ya'ya. Abokan sana'arsa duk sun sayi mitar gwada wuta, suna ta ce masa motocin yanzu ba sa jure a zare musu batir suna aiki. Shi kuwa ya ce mita ta malalata ce.

Autarmu ma'aikaciyar jinya ce. Da ta gaji da bin motar haya, mijinta, wani malamin makaranta mai sanyin hali, ya yi ta yawo har ya zaɓo mata ƙaramar mota. Wata safiya ta shigo da ita ƙofar gida.

"Baba, fitilar batir ta kama tun jiya. Zan kai wa masu kwamfuta su duba."

"Ubanki na raye za ki kai wa wasu? Shiga ki sha ruwa."

Ta shiga. Ni ina bakin ƙofa ina shanya, komai a idona aka yi. Ya ta da motar, ya buɗe bonet, ya zare kan batir, har da taka mai. Fitilun gaban direba suka haska gaba ɗaya, inji ya yi tari ya mutu, wani ƙauri ya taso. Ya mayar da kan batir, ya murza makulli, shiru. Ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutarta, ta ƙone. Sai a lokacin ya taɓa bel ɗin altaneta, ya ji shi sako-sako. Abin da ya kunna fitilar ke nan, ɗaurewa kawai yake so.

Auta ta fito tana tambaya. Bai kalle ta ba ya ce, "Dama motar da ciwonta a ciki."

Maganar nan Auta ta ɗauka ta kai gida ta sauke a kan mijinta. Ka sayo min gawa, an cuce ka ka cuce ni. Ta koma bin haya, tana makara a aiki, tana dawowa da fushi. Mijin, bawan Allah, ya sa aka ja motar zuwa wajen masu kwamfuta.

Mijina kuwa ya daina tsokanata, abinci sai ya jagwalgwala ya ture. Na yi haƙuri iya haƙurina, sannan na ce, "Malam, ni fa na gani."

Ya daɗe yana murza yatsunsa. "In na faɗa mata, me ya rage min? Ita kaɗai ce har yanzu take ganin na fi kowa."

"Shi kuma ɗan mutane da ake zagi a gidansa, me ya rage masa?"

Da yamma ya sa rigarsa mai ƙarancin huji, muka tafi gidan Auta. Surukin muka fara tararwa a waje. Mijina ya buɗe baki, sai surukin ya tare shi.

"Baba, na sani. Mai kwamfuta ya faɗa min tun ranar cewa an zare batir mota na aiki. Ka bar shi haka. Fushin da take yi da ni zai huce."

Na zaci mijina zai karɓi wannan rangwamen. Wallahi kunyar ce ta ƙara kama shi. Ya wuce ciki, ya tsaya a tsakiyar falo kamar mai laifi a gaban alƙali.

"Auta, lafiyar motarki ƙalau. Ni na ƙona ta, kuma na yi miki ƙarya."

Ta kalle shi, ta kalli mijinta da ke bakin ƙofa. Idonta ya kawo ruwa.

"Baba, motar ba komai ba ce. Amma ka san irin maganganun da na gaya wa mutumin nan saboda na yarda da kai?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta tashi ta nufi mijinta, ta bar ubanta a tsaye da hularsa a hannu.