Idon da Yaya Tanimu Ya Ara a Wurina

Yaya Tanimu ya rasu.

Da safiyar yau labarin ya same ni, ina tsaye a unguwar Mokola ina jiran keke mai ƙafa uku. Matarsa, Anti Rabi, ce ta kira. Ta ce ya dawo daga masallaci yana cewa ƙirjinsa ya yi masa nauyi, kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma.

Mun kai shi makwancinsa kafin azahar. Tun da na dawo nake rubuta wannan ina gogewa. Ba alhini kaɗai ke cina ba, har da kunya, kuma gara in faɗe ta a gaban kowa.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne mai gyaran talabijin da allon kwamfuta a nan Sabo, unguwarmu ta Hausawa a ƙasar Yarbawa, ɗan shagon nan da ke bayan masu tabarmi. Ido ɗaya gare shi, ƙyanda ta tafi da na hagun tun yana yaro. Ba jini ya haɗa mu ba, layinmu ɗaya ne kawai, amma tun ina firamare Yaya nake ce masa.

Lokacin da kwamfutata ta mutu ana saura kwana huɗu in miƙa kundin digirina na biyu, shi ya ture aikin mutane gefe ya ciro min rubutuna kaf.

Ranar da aka yi wa Innarmu aikin ido, shi ya riƙe hannunta daga keke har ƙofar ɗaki, yana tsokanarta wai yau ta shigo ƙungiyarsu ta masu ido ɗaya.

Ni kuwa "Malamin gawa" yake ce min, don ina koyar da ilimin sassan jiki a wata makarantar koyon aikin lafiya.

Wata rana, shekara biyu da suka wuce, ina zaune a shagonsa ina mita. Na ce ɗalibaina ba sa gane jijiyoyin jini na cikin kai a hoton sikan da na'urar asibiti ke ɗauka, saboda a shimfiɗe yake, ba ka sanin wacce ke gaba, wacce ke baya. Akwai tabarau na musamman da ke fito da zurfin hoto, amma guda uku ne a duk sashenmu, ɗaya ya karye, kuma mai sa tabaran likita sai ya ɗora wani kan wani.

Ya tashi ya ciro hoton Makka da ke rataye a bango, irin wanda 'yan talla ke yawo da shi, in ka karkata kai sai Madina ta fito. Ya ce in shafa. Roba ce mai ƙananan layuka.

"Layukan nan ne ke tura hoto ɗaya dama, ɗaya hagu," in ji shi. "In na shimfiɗa irinta a kan allon kwamfuta, idon dama ya samu nasa hoton, na hagu ya samu nasa, sebi ƙwaƙwalwa za ta haɗa su da kanta? Ba sai da tabarau ba. Kamfanonin waje suna yi, na karanta."

Na ce, "Yaya, kai da…" sai na haɗiye sauran.

"Ni da ke da ido ɗaya? Ƙarasa mana. Ai shi ya sa za ka ara min naka."

Haka muka fara. Ya sa aka kawo masa robar daga Legas, ya yi mata firam mai ƙananan kusoshi a gefe. Ya shafa fenti a ƙasa inda ƙafafun kujera za su tsaya, domin in robar ta goce ko da kaurin gashi ne, ko mai kallo ya zauna ba daidai ba, hoton juyewa yake, abin da ke baya ya dawo gaba. Duk Asabar sai in zauna, shi yana murɗa kusa yana cewa, "Oya, me ka gani?"

Ranar da abin ya fara fitowa ban san lokacin da na kai hannu zan taɓa ba. Jijiyoyin sun baro allon, suna tsaye a iska kamar rassan bishiya. Da na waiga, ashe ba allon yake kallo ba, fuskata yake kallo.

Ya ce, "Faɗa min yadda yake. A hankali."

Mutumin nan bai taɓa ganin abin da ya ƙera ba, kuma ya san ba zai taɓa gani ba. Abin da na faɗa masa, shi ne ganinsa.

Ni na matsa a kai shi makarantarmu a nuna wa manya. Ana gobe za a je, ya cire robar ya goge ta ya mayar, ya kira ni in zo in sake dubawa. Na zo ina sauri. Ba mara lafiya ke jirana ba, ba aji ba. Ƙwallo za a fara a gidan kallo.

Na zauna, na ga hoton ya yi zurfi, na miƙe.

Ya ce, "Tsaya. Jar jijiyar ce a gaba, abi shuɗiyar?"

Na ce, "Komai daidai, Yaya. Ya fito."

Ya sake tambaya. Na sake ba shi amsar nan, idona a kan waya. Ban duba ba. Wallahi ban duba ba.

Washegari ya sa kaftaninsa na Sallah, ya naɗe allon a bargo, ya rungume shi a cinya cikin keke. A ɗakin taron ya auna wurin kujera da igiyar awon da ya zo da ita. Wata babbar likitar tiyata da aka gayyato ta zauna. Ko minti ɗaya ba ta yi ba ta ce da Turanci hoton a juye yake, ta baya ta dawo gaba, kuma ɗalibin da ya koya da wannan wata rana zai yanka inda bai kamata ba.

Sai wani daga baya ya ce da Yarbanci, ƙasa-ƙasa, wa ya aiki mai ido ɗaya aikin ido biyu? Aka yi 'yar dariya. Yaya Tanimu a Sabo aka haife shi, ya fi ni jin Yarbanci.

Ya ɗan rusuna ya ce, "Na my mistake, ma. E ma binu." Wato laifinsa ne, ta yi haƙuri.

Ina tsaye kusa da shugaban sashenmu. Kalma uku ta isa: ni na duba. Ban faɗa ba. Da aka yi dariyar ma, sai da na yi murmushi don kada a ce da ni aka yi. Yaya Tanimu kuwa ya naɗe allonsa a bargo, ko kallona bai yi ba, don kada wani ya bi idonsa ya gane.

Wata bakwai ban taka shagonsa ba. In na hau okada sai in ce a zagaya ta bayan masallaci. Da azumi, zoɓon Anti Rabi bai fasa zuwa gidana ba, kamar kowace shekara.

Ganinmu na ƙarshe mako uku ke nan, ranar Juma'a, ina neman takalmina a ƙofar masallaci. Sai na ji an riƙe min hannu.

"Malamin gawa, ka yi wuyar gani."

Na fara kame-kamen aiki ya yi yawa. Ya bar ni na gama.

"Na gyara shi," in ji shi. "Ido kawai nake jira. Ka zo ranar da ba ka sauri."

Ranar da ba ka sauri. Ashe ya sani. Tun ranar ya sani, bai taɓa faɗa ba.

Na ce Asabar in sha Allahu. Asabar uku ta wuce.

Yau da muka dawo daga maƙabarta, na shiga yi wa Anti Rabi gaisuwa. Ta miƙo min makullin shago daga bakin zanenta.

Ta ce, "Dokta, je ka duba masa abin nan. Duk mun zauna a kujerar. Ni na gani, masu tabarmi sun gani, har 'yan dakon da ke dawowa daga kasuwar Bodija yana tare su ya zaunar. Kowa ya ce ya fito. Sai ya ce mu ai ba mu san wace jijiya ce ya kamata ta zo gaba ba, sai kai."

Na buɗe shagon. Kujerar tana kan fentinta. A gefen allon akwai wani katako mai huji biyu, ya rubuta "dama" da "hagu". Da shi yake leƙawa da idonsa guda, huji ɗaya bayan ɗaya, yana gwada abin da kowane ido zai samu. Wata bakwai yana yin aikin da ni zan yi masa cikin minti biyu.

Na kunna. Na zauna. Wannan karon na duba sosai, jijiya bayan jijiya.

Jar tana gaba, shuɗiyar tana baya. Babu kuskure ko ɗaya.

Na ce, "Ya fito, Yaya." Babu mai murɗa kusa, babu mai kallon fuskata.

Ku da kuke ɗakin nan ranar, na san da yawanku kuna karanta shafina. Aikin Tanimu bai da aibu. Idona ya ara, ni na yi masa ƙarya, kuma na yi shiru ya ɗauki laifin. Ranar Litinin zan kawo allon ku zauna ku gani, kuma sunansa za a rubuta a jiki.

Ya Allah, bawanka Tanimu ya rufa min asiri a gaban mutane, Ka rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai Kai. Ka haskaka kabarinsa, Ka tashe shi da idanunsa biyu a Aljanna. Ka ba Anti Rabi da yaransu haƙuri.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah ka tsaya ka yi masa addu'a kafin ka wuce, kada ka yi sauri. In da saura, ka roƙa min Allah Ya yafe min, domin shi wanda zan roƙa, na makara.