Inna Ta Kama Sunan Baba

Jama'a, yau na ji abin da Babana bai taɓa ji ba.

Na je Gyadi-Gyadi wajen kakata Inna, ina ɗaukar tarihinta da Fulatanci a manhajar nan mai ƙirƙirarriyar basira, don jikoki su koyi yaren. Sai manhajar ta tambaye ta sunan ɗanta na fari. Inna kuwa, saboda kunyar ɗan fari, ba ta taɓa kama sunan Baba ba.

Ta ce, "Wannan abin ba shi da tarbiyya."

Na ce mu tsallake.

Ta ce, "A tsallake shi?" Ta jawo wayar, ta raɗa sunan.

Ashe Baba yana bakin ƙofa yana cire takalmi. Ya yi gyaran murya, ya ce, "Sake kunna min."