Finjalin da Aka Ture a Shagon Barba Anestis

Da safiyar Litinin, 29 ga Yuni, 2015, ƙararrawar cocin ƙauyenmu na Brisari ta soma irin bugun nan ɗai-ɗai wanda kowa ya san ma'anarsa. Ina tsaye a ƙofar gida, maƙwabta suna ta labarin an rufe bankunan ƙasar nan, sai matata ta fito ta ce mini Barba Anestis ne ya rasu, mai shagon gahawa, wanda muke kira Barba, wato baba, don girmamawa. Matarsa Froso ce ta tarar da shi zaune a kujerar bayan kanta. Ya kunna wuta, yashin da yake dafa gahawa a ciki ya yi zafi, amma shi ya riga ya cika. Shekarunsa tamanin ba ɗaya. Allah ya jiƙanka, Anestis. Ka tafi a makon da muka fi bukatarka, kuma sai na faɗi haka ko da za a ce ina yi wa mamaci ƙorafi.

Ni Miltos, da na tsufa ina tuƙa motar haya tsakanin ƙauyen nan da birnin Argos, ban san ranar da na fito aiki ban fara tsayawa a shagonka ba. Ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba: gahawarka ba ta fi ta kowa daɗi ba, kuma wajen karta ba ka iya faɗuwa ba, kana faɗuwa sai ka tuna akwai wanke-wanke. Amma ba ka taɓa tambayar ɗayanmu yadda yake son tasa ba, ka san mai son zaƙi, ka san wanda likita ya hana. Lokacin sanyi, idan baƙin da ke zuwa tsinkar lemu suka fito gona a jiƙe, kai kaɗai kake jawo musu kujeru kusa da murhu, duk wanda ya ɓata rai kuma ka nuna masa ƙofa da haɓa. Da matar tsohon maƙerinmu ta rasu ya daina fitowa, kullum da hantsi kakan bar shago a buɗe ka kai masa finjalinsa har gida, ka zauna har ya shanye.

Batun shugabanni kuwa, ba wanda ya taɓa jin inda ka dosa. Duk ɗan takarar da ya kawo hotonsa a liƙa a bangonka, sai ka karɓa hannu biyu, ka yaba gashin bakinsa, yana fita ka shimfiɗa hoton a ƙarƙashin tukunyar mai. Kakan ce ka ga yadda muke tarbar kowane sabon shugaba da tafi, mu raka shi da zagi, kuma bakunan da hannuwan duk namu ne. In talabijin ta fara nuna sakamakon jin ra'ayin jama'a, wane ya hau, wane ya sauka, sai ka kashe muryarta ka ce, "Su wa suke tambaya ne? Ni dai tun da uwata ta haife ni ba wanda ya taɓa bugo mini waya." Mu yi dariya a koma karta.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata dabara taka. A wurinmu, in mutum ya aika maka da gahawa daga teburinsa, ba a mayarwa. Ka ɗaga finjalin ka dube shi ka ce lafiyarka, shi kuma ya amsa, gobe ko jibi ka rama. Mayar da finjali ya fi mari ciwo, kuma kafin makon nan, a tsawon rayuwata ban taɓa ganin an yi ba. To, da wannan ka riƙe ƙauye. Idan mutum biyu suka ɗaga murya kan siyasa har aka fara ture kujeru, sai ka sulale bayan kanta, ka fito da finjali biyu a tire. Ka ajiye wa wannan ka raɗa masa wancan ne ya aiko, ka je wurin wancan ka raɗa masa haka nan. Kowannensu ya ɗaga nasa yana hura hanci, a zatonsa ɗayan ne ya fara sauka. A shekarun da ƙauyukan da ke kewaye da mu suka rabu gida biyu, kowace jam'iyya da shagon gahawarta, har suruki ba ya shiga inda surukinsa yake zama, mu shago ɗaya muka ci gaba da zama.

Ni kaina ka yi mini. Na yi watanni ba na gaisawa da wani abokina mai suna Fotis saboda zaɓe, har ranar da ka kawo mini finjalin da ka ce daga gare shi yake. Sai bayan shekaru, da na je duba shi a asibiti, na gode masa da ya fi ni hankali a wancan lokacin. Mutumin nan ya yunƙura ya zauna a gado ya ce ai ni ne na fara aiko masa. Muka yi ta dariya har ma'aikaciyar jinya ta kore ni. Da na zo na tuhume ka, ko ɗagowa ba ka yi daga goge tambulan ba, ka ce in rufe bakina tunda gahawar kyauta na sha. Na rufe kuwa. Ina ganin daga ni da Fotis sai Froso muka san sirrin.

Yanzu ga abin da ka bar mini. Ƙanena Lambros manomin lemu ne. Stathis kuma mijin 'yata Eleni ne, yana tuƙa babbar mota mai firji, yana kai lemun ƙauyen nan ƙasashen arewa. Gonar Lambros da wadda na ba Eleni lokacin aurenta asalinsu gona ɗaya ce ta mahaifinmu, rijiya ɗaya ke shayar da su, injin ban ruwa ɗaya, kuma mabuɗin ɗakin injin a ƙarƙashin dutse yake zama, mai bukata ya ɗauka. Tun da aka sanar ran Asabar cewa za a jefa ƙuri'ar raba gardama, mutanen nan biyu suka zama kamar ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba. A takarda, tambayar kan sharuɗɗan masu bin ƙasar bashi ce. A Brisari kuwa kowa ya ɗauke ta a kan abu ɗaya: mu zauna a cikin Tarayyar Turai ko mu fita.

Lambros cewa yake a fita, kome zai faru ya faru. Bai manta ba yana saurayi, da hannunsa ya ja tarakta cike da lemu lafiyayye ya juye a rami aka binne, saboda kasuwar ta ce ya yi yawa. Ya ce shugabannin da suka gabata duk sun sayar da mu, wannan na yanzu ne kaɗai ya iya cewa a'a. Stathis kuma ya ce duk ranar da aka mayar da shinge a kan iyaka, lemu zai ruɓe a cikin mota kafin jami'i ya gama buga hatimi, kuma shugaban da ke caca da abincin mutane bai cancanci tafi ba. Na saurari kowannensu, kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ban ga maƙaryaci a cikinsu ba.

Ran Lahadi bayan an tashi daga coci suka kaure a shagonka, har Lambros ya kira Stathis yaron Tarayyar Turai. Ka fito da tirenka kamar kullum. Sun sha, amma na lura finjalin Lambros da ƙyar ya bar tebur. Da aka watse ka zauna kusa da ni, abin da ba ka saba yi ba, ka ce, "Miltos, rigimar bana daban ce. A da a kan mutum suke faɗa, mutum kuwa ya faɗi zaɓe a manta da shi. Yanzu kowa gani yake ɗan'uwansa ne zai cire abinci daga bakin 'ya'yansa." Na ce ka cika tsoro, Litinin ta bayan ƙuri'a duk za su huce. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ran Talata muka binne ka. Lambros da Stathis duk suna cikin masu ɗaukar akwatinka, ɗaya a dama, ɗaya a hagu, har raina ya ɗan yi sanyi. Daga maƙabarta aka dawo shagonka shan gahawar ta'aziyya, marar sukari, da busasshen burodi. Sai da na zauna na ga abin da ya faru. Ba wanda ya tsara, amma masu cewa a fita duk sun taru wajen taga, masu cewa a zauna suna wajen ƙofa, teburan tsakiya babu kowa sai limamin coci da ni. Ba a daɗe ba wani daga wajen taga ya yi wata magana kan masu lasar takalmin baƙi, wani daga wajen ƙofa ya ture kujerarsa ya miƙe.

Sai na tashi na shiga bayan kantarka. Froso ta gane, ta nuna mini wanne ne na Lambros mai zaƙi, wanne ne na Stathis. Na ɗauki tiren. Na ajiye wa Stathis na raɗa masa baffan matarsa ne ya aiko. Na tsallaka wajen taga na ajiye wa Lambros na ce daga Stathis. Stathis kuwa, Allah ya yi masa albarka, ya ɗaga finjalinsa yana kallon Lambros yana jira.

Lambros ya sa yatsa biyu ya turo finjalin zuwa bakin tebur. Bai ɗaga murya ba, amma kowa a shagon ya ji.

"Yaya, bar wannan wasan. Kana tsammanin akwai wanda bai san Barba ne ke aikowa ba? Tun muna samari muka sani. Don shi muke sha. Yanzu kuwa ba ya nan."

Na duba fuskokin mutane ko zan ga wanda ya yi mamaki. Babu ko ɗaya, wajen taga da wajen ƙofa, kowa ya sunkuyar da kai. Stathis ya sauke finjalinsa a hankali bai kai baki ba, ya je ya sumbaci hannun Froso, ya fita. Ashe duk shekarun nan ba dabararka ce ta riƙe mu ba, Anestis, kunyarka muke ji. Na tsaya da tire a hannu kamar sabon yaron shago, kuma ban taɓa jin tsufa irin na wannan lokacin ba.

Jiya Eleni ta zo gida idonta jajir. Ta ce Stathis ya je ban ruwa ya tarar da sabon kwaɗo a ƙofar ɗakin injin, ƙarƙashin dutsen kuma babu kome. Watan Yuli ne, ganyen lemunsu ya fara naɗewa. Stathis ya ce zai je da guduma, na roƙe shi ya bari sai bayan ƙuri'a, ya ce to, amma bai dube ni ba da ya faɗa. Na je gidan Lambros, matarsa ta ce ba ya nan, alhali ga takalmansa a bakin ƙofa. Jibi Lahadi za mu jefa ƙuri'a. Ɗaya zai ci, ɗaya zai faɗi, kuma na san ko wanne ya ci, washegari rijiyar tana nan guda ɗaya.

Allah ya yi maka rahama, Barba Anestis, ya yafe maka kurakuranka, har da ƙaryar nan da ka yi ta yi mana don mu zauna lafiya, ya ba ka hutawa tare da bayinsa na gari. Ina miƙa ta'aziyyata ga Froso, da ɗanku Notis da ya taso daga Jamus bai tarar da kai da rai ba, da jikokinka, da dukan mutanen Brisari, na wajen taga da na wajen ƙofa. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, ya kuma ba mu haƙurin juna, don wannan na biyun ne nake tsoron ba mu da shi. Yau da safe na leƙa shagonka. Finjalin Lambros yana nan a bakin tebur inda ya ture shi, gahawar ta bushe a ciki. Froso ta hana a ɗauke, ta ce wanda ya ture shi ne zai zo ya ɗauka.