Tarihin Tsinke, Mai Goge Ɗakin Haihuwa

Labarin ya iske Yaya ranar wata Talata, tana zaune a bencin wani asibiti da ke can ƙarshen gari, da jakar kayan haihuwa a cinyarta. Ƙanwarta take jira. Duk motar da ta shigo sai ta miƙe tsaye, har mai gadi ya ce mata ta zauna, kada ta riga mai naƙudar gajiya. Can sai wayarta ta yi ƙara. Mijin ƙanwar ne, ya ce ta taso, ba a nan suke ba, kuma ta yi haƙuri. Ga tarihin ƙanwar da aka jira ba ta zo ba, gwargwadon yadda Yaya ta riƙe shi a ka.

Haihuwarta da Ƙuruciyarta

An haife ta a shekarar 1984, cikin damina, a ɗakin mahaifiyarsu da ke wani gidan haya bayan kasuwa. Mahaifinsu kafinta ne, mahaifiyarsu kuwa wanki da guga take yi wa mutane. Ita ce ta shida kuma auta, Yaya ta girme ta da shekara tara. Ta zo duniya siririya, har mahaifin ya leƙa ya ce wannan ai tsinke aka haifa masa, sunan kuwa ya bi ta har ƙarshen rayuwarta. Su shida duk a wannan ɗakin aka haife su, mahaifiyar takan yi alfahari da cewa bayanta bai taɓa sanin gadon asibiti ba.

Tun tana ƙarama Allah ya yi ta da kunya. Ba ta shiga wanka sai tsakar gida ta yi shiru, kuma da ta kai shekara bakwai ko Yaya da ta goye ta ba ta ƙara ganin bayanta ba.

Karatunta da Aikinta

An sa ta a firamare a shekarar 1991, ta kai aji uku na sakandare. Da mahaifinsu ya rasu a 1999 sai ta bar karatu ta kama wa mahaifiyarta guga. A shekarar 2003 ta sami aikin goge-goge a asibitin unguwarsu, aka tura ta ɗakin haihuwa, kuma a nan ta yi dukan shekarun aikinta da bokiti biyu da tsumma da safar hannu ta roba. An shaide ta da tsafta, babbar nas takan ce idan Tsinke ta goge ƙasa ana iya cin abinci a kai.

Sai dai ita ba a kiranta sai an gama. Idan haihuwa ta zo da sauƙi, aikinta kaɗan ne, kafin a tashi ta manta da shi. Idan ta zo da gardama, ita ce mai durƙusawa ƙarƙashin gado, ita ce mai kwashe zannuwa. Waɗannan su ne suka zauna mata a zuciya. Yaya ta sha gaya mata cewa galibinsu sai da abu ya ɓaci a gida aka kawo su, takan amsa da to, amma abin da ido ya gani baki ba ya goge shi. Ga kuma yadda zafin naƙuda ke sa mace ta yar da zani ta zagi mijinta da danginsa, washegari ma'aikata su maimaita suna dariya wajen shan shayi. Ita ma takan yi dariyar, ta dawo gida ta ce:

"Ni a gaban waɗannan? Sannan gobe in ɗauki bokiti in ce musu ina kwana?"

Aurenta da 'Ya'yanta

Ta yi aure a shekarar 2006 da wani mai gyaran firiji da fanka, mutum mai sanyin hali wanda bai iya yi mata musu ba. Ta haifi ɗanta na fari a 2007, mace a 2010, sai namiji a 2013. Duka a ɗakinta ta haife su, a hannun wata tsohuwar ungozoma da ta yi ritaya daga asibitin, Yaya na riƙe da bayanta tana duban bango kamar yadda aka gindaya mata sharaɗi. Biyun farko lafiya lau. A na ukun jini ya daɗe bai tsaya ba, ungozomar ta yi ta fama har Allah ya taimake ta. Tana wanke hannu ta ce idan an sake samun rabo kada a aiko mata, domin ba za ta zo ba, wannan jikin ya wuce na gida.

Cikinta na Huɗu

A shekarar 2017 ta sami ciki na huɗu. Babbar nas ta kira ta gefe ta ce jininta ya yi ƙasa, gado yana nan, labule yana nan, kuma ita da kanta za ta karɓi haihuwar. Tsinke ta yi godiya, ba ta ce za ta zo ba. Da maganar ta kai kunnen Yaya sai ta same ta har gida, suka yi faɗan da ba su taɓa yi ba.

"Ke da kika goge wa mata ɗari, ke ce ba za a goge wa ba?"

"Yaya, ki bar ni da mutuncina. Shi kaɗai na tara a aikin nan."

Daga ƙarshe aka yi sulhu. Tsinke ta yarda za ta haihu a asibiti, amma wanda ke can ƙarshen gari, inda babu wanda ya san ta. Kowa ya ga an ci nasara, tunda asibiti ai asibiti ne. Daga gidanta zuwa wurin aikinta kuwa, kafin ruwan shayi ya tafasa an isa. Zuwa wancan sai an ratsa kasuwa an haye gada.

Rasuwarta

Ranar Talatar da naƙuda ta taso da safe, Tsinke ta ce Yaya ta yi gaba da jaka ta kama musu wuri. Mijin ya fita neman mota, kafin ya dawo yarinya ta faɗo a hannun maƙwabciya. Jini ya ɓalle. Aka sa ta a mota, direba ya tambaya ina aka nufa, ta ce can ɗin da aka yi alkawari, mijin kuma ya bi maganarta kamar yadda ya saba. A bakin kasuwa suka tarar babbar mota ta lalace ta tare hanya. Sai da mijin ya yi ta kiranta muryarta na ƙara nisa, sannan ya ce wa direban ya juya.

A ɗakin da ta yi shekaru tana gogewa aka kwantar da ita. An ce babbar nas ta fito da gudu ba takalmi, masu goge-goge biyu suka miƙa hannu a ɗibi jininsu. Wata abokiyar aikinta ta ce Tsinke ta buɗe ido ta gane ta, ta ce mata, "Ki rufe ni." Abokiyar ta cire mayafinta ta tsaya ta kare ta da shi, hannunta a sama, ba ta sauke ba har aka gama. Allah ya karɓi ranta kafin azahar, tana da shekara talatin da uku. Ƙasan ɗakin kuwa abokiyar aikin ce ta goge, ta hana kowa taya ta.

An yi mata sutura bayan la'asar, aka binne ta kusa da mahaifiyarta. Ma'aikatan ɗakin haihuwa sun zo gaisuwa har da waɗanda ba su da hutu ranar. Ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: Babban Mutum, wanda yanzu ke koyon gyara wajen mahaifinsa, 'Yar Baba, Ƙarami, sai wadda aka haifa ranar, da ake kira Sauran, tana hannun Yaya. Allah ya jiƙanta, ya sa haihuwar da ta mutu a kanta ta zama shahada.

Yaya tana nan da kekenta na ɗinki a wani ɗan shago bakin titi. A da, idan masu aikin safe sun tashi, Tsinke takan biyo ta shagon ta zauna a wata 'yar kujera gefen keken, ta cire takalmi ta miƙe ƙafa. Yaddukan mutane kan taru a kan kujerar tun safe. Har yau, da rana ta karkata, Yaya takan tsayar da keke, ta kwashe su ta mayar kan tebur, sannan ta ci gaba da ɗinki.